Kuɗin bincike bai san damina ba: yadda aikin gano cutar citta ya kaya a Kachia

A ƙarshen watan Agustan 2023 wata ɗalibata mai neman digiri na biyu ta shigo ofishina riƙe da waya. Mun yi da ita za mu duba babi na biyu na kundinta, amma ko jakarta ba ta buɗe ba. Bayan gaisuwa ta miƙo min wayar ta ce, "Malam, don Allah duba gonar Babanmu." Na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ganyen citta ya koma rawaya tun daga ƙasa, karare sun kwanta, a hoton ƙarshe kuma hannun wani dattijo ne ɗauke da saiwar da ya tono, ta yi tuɓus ta ruɓe. Ta ce ko warin ba ya barin mutum ya daɗe a gonar.

Ni malamin kimiyyar kwamfuta ne a ɗaya daga cikin jami'o'in da ke jihar Kaduna, kuma ban taɓa noman citta ba. Abin da zan bayar a nan labarin aikin da muka yi ne daga wannan rana zuwa ƙarshen daminar 2025: yadda muka nemi tallafi, lokacin da kuɗin ya iso, inda ya tafi, da abin da ya rage a hannunmu. Na rubuta shi domin matasan malaman da ke cika takardun neman tallafi a fannin ƙirƙirarriyar basira, da kuma manyanmu da ke zama a kwamitocin rabon kuɗin.

Ɗalibar 'yar ƙaramar hukumar Kachia ce. Najeriya na cikin manyan ƙasashen duniya masu noman citta, kuma mafi yawanta daga kudancin Kaduna take fitowa, daga Kachia da Jaba da Kagarko da Jema'a da maƙwabtansu. Iri biyu aka fi sani, Tafin Giwa da Yatsun Biri. Ana shuka wajajen Afrilu zuwa Mayu, a rufe da ciyawa, a fara tono daga Nuwamba, a tsaga a shanya, a ɗura a buhu, manyan motoci su yi Legas da ita. Akwai abu ɗaya da duk wanda bai san citta ba ya kamata ya riƙe: irinta daga jikinta yake. Manomi yakan ware wani kaso na abin da ya tono ya adana don shukar baɗi. Idan gona ta ruɓe, an yi asarar amfanin bana da irin baɗi a lokaci guda. Abin da ya auka wa yankin ke nan a daminar 2023, har gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti na musamman a kan annobar.

Kundin da take rubutawa a lokacin a kan gano zamba a katin banki ne, da bayanan masu katuna na Turai da ta sauko da su kyauta daga intanet. Haka yawancin ɗalibanmu suke yi, ba kuma laifinsu ba ne, domin abin da ke ajiye kyauta shi mai ƙaramin ƙarfi zai ɗauka. Ta ce, "Malam, in canza mana. In dai na'ura na iya gane fuskar mutum, me zai hana ta gane ganyen da ya kamu?" Na amince nan take. A zuciyata na ɗauka aikin wata shida ne: a tara hotuna, a horar da manhaja, a sa ta a wayar malamin gona.

Neman kuɗi

Hanyoyin samun kuɗin bincike a jami'o'in gwamnati ba su da yawa. Babbar ƙofa ita ce TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati, wanda aka kafa da dokar 2011 ya gaji asusun harajin ilimi na 1993, shi kuma ya samo asali ne daga fafutukar ƙungiyar ASUU. Kuɗinsa daga harajin ribar kamfanoni yake zuwa. A ɓangarenmu kuma an kafa cibiyar ƙirƙirarriyar basira ta ƙasa, NCAIR, a Abuja ƙarƙashin NITDA, hukumar bunƙasa fasahar zamani, a 2020. A watan Oktoban 2023 ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin minista Bosun Tijani ta sanar da tallafin naira miliyan 5 ga kowane ɗaya daga cikin masu bincike da ƙananan kamfanoni 45 a fannin ƙirƙirarriyar basira. Labarin ya zaga sassan kwamfuta na jami'o'i, kowa ya hau neman abin da zai rubuta a kai.

Namu tallafin daga wani ƙaramin asusu ya fito, irin wanda ake biya ta asusun jami'a, kashi-kashi, na tsawon wata goma sha biyu. Na zauna na tsara kasafin a ƙarshen 2023, kuma yau idan na buɗe takardar nakan ga dukan abin da ya biyo baya a rubuce a cikinta. Fiye da rabin kuɗin na ware wa kwamfutar tafi-da-gidanka mai katin GPU (na'urar da ke hanzarta horar da manhaja), da kuɗin buga maƙala, da halartar taron masana. Na sa wayoyi biyu. Zirga-zirga zuwa gonaki na ba ta layi ɗaya ɗan siriri. Masanin cututtukan tsirrai, gwajin ɗakin bincike, ladan masu ɗaukar hoto, babu ko ɗaya a ciki.

Ba ganganci ya sa na yi haka ba. Fom ɗin kansa yana da gurbin kayan aiki da gurbin yaɗa sakamako, ba shi da gurbi mai suna tattara bayanai. Sannan malamin jami'a da maƙaloli ake auna shi ranar ƙarin girma. Duk wanda ya tashi a wannan tsari idonsa kan na'ura da mujalla zai fara sauka. Kuskure ne duk da haka, kuma nawa ne, domin ni na sa hannu.

Takardar amincewa ta zo a farkon 2024. Tsakanin ranar da na rubuta farashin kwamfutar da ranar da aka amince, naira ta zube. Dala da ke wajen naira 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 ta haura 700 bayan an saki kasuwar canji, a watan Fabrairun 2024 kuma ta taɓa 1,500. Kwamfutar da na yi wa kasafi ta fi ƙarfin layinta nesa ba kusa ba. Na rubuta neman izinin juya kuɗin zuwa aikin gona. Takarda ta shiga ofis, ta fita zuwa wani ofis, ana jiran zaman kwamiti. Ana cikin haka hadari ya haɗo, aka yi ruwan shuka.

Daminar da muka shiga da aljihunmu

A watan Yulin 2024 ɗalibar ta ce da ni, "Malam, idan muka jira kuɗi, ganye zai bushe." Gaskiya ta faɗa. Ba a fafe gora ranar tafiya, cutar damina kuma ba a ɗaukar hotonta da rani. Na ciri wani abu daga albashina, ita ma ta kawo abin da take da shi, muka kama hanyar Kachia da sassafe. Kowa ya san halin tsaro a wannan yanki. Ƙa'idarmu ita ce ba ma kai la'asar a gona, ba ma kuma shiga ƙauyen da ba mu da ɗan gari a ciki. Kawunta ya haɗa mu da wani malamin gona da ya yi shekaru yana yawo a ƙauyukan a kan babur, ya san gonar kowa da halin kowa. Da ɗan gari akan ci gari. Ba don shi ba da ko hoto ɗari ba mu samu ba.

Abu na farko da ya tarbe mu shi ne ƙarancin gonakin kansu. Da yawa daga cikin waɗanda muka ziyarta ba su shuka citta a wannan shekara ba, ko dai babu iri, ko kuma irin ya yi tsadar da ba za su iya ba. Wasu sun koma masara, wasu gangamau. Waɗanda suka shuka kuwa suna lallaɓa gonar kamar ƙwai.

Abu na biyu zato ne. Duk inda muka tsaya da waya da littafi sai mutane su taru, a tsammaninsu masu rubuta sunayen waɗanda za a ba tallafin gwamnati ne suka zo. Wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, ka rubuta ni, buhu nawa na yi asara Allah kaɗai ya sani." Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, mu daga makaranta muke, hoton ganye kawai muke nema, ba mu zo da komai ba." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To hoton zai warkar da ita?" Na ce ba zai warkar ba, amma muna fatan ya taimaka a gane ta da wuri. Ya bar mu muka shiga. Har muka bar ƙauyen tambayarsa na ci min rai, domin na san amsar da na ba shi fata ce kawai.

A mako na biyu ɗalibar ta lura da wani abu da ban yi tunaninsa ba. Wayar zamani tana liƙa wa kowane hoto ainihin wurin da aka ɗauke shi. Rumbun hotunanmu, in aka sake shi a intanet yadda yake, ya zama taswirar gonakin masu citta a yankin da ake satar mutane don kuɗin fansa, a shekarar da citta ta yi tsada. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta wajabta neman yardar mai bayani, amma mu abin da ya fi damunmu ran mutane ne. Muka goge wuraren daga hotunan, muka bar sunan gunduma kawai, muka ba kowace gona lamba, littafin da ya haɗa lamba da suna kuma yana kulle a ofishina.

Sai batun rasit. Ɗan acaɓan da ya kai mu ta hanyar da mota ba ta bi ba shi da rasit. Matasa uku da muka koya wa ɗaukar hoto muna biyansu kullum ba su da kamfani. Matar da ta dafa mana abinci ba ta da hatimi. Ofishin kuɗi kuwa ba ya mayar wa mutum abin da ya kashe sai da shaidar da mai binciken kuɗi zai karɓa, kuma na fahimci dalilinsu, domin an sha cin amanar kuɗin bincike. Sai dai ƙa'idar an gina ta ne a kan sayen kaya a shago. Kwamfuta tana da rasit, gumin wanda ya tsuguna cikin laka yana ɗaukar hoton ganye ba shi da shi. Daga baya muka samar da takardar sa hannu da dangwale, mai unguwa yana shaidawa, aka karɓi wani ɓangare. Sauran na bar wa Allah.

Rawaya iri-iri ce

Nan ne aikin ya nuna mana ainihin fuskarsa. Manhaja ba ta koyon komai daga hoto sai an gaya mata abin da ke cikinsa: wannan lafiyayye ne, wannan ya kamu. Mun ɗauka idon manomi da na malamin gona sun isa. Da na kai wa wani abokin aiki masanin cututtukan tsirrai hotunan, ya duba na ɗan lokaci ya ce, "Malam, wa ya ce maka duk wannan rawayar cuta ce?" Ya bayyana min cewa ganyen citta yakan yi rawaya idan taki ya gaza, yakan yi idan ruwa ya kwanta a gona, yakan yi idan ta nuna ta kusa tono. A cikin cututtukan ma akwai na ƙwayoyin dangin fumfuna masu ruɓar da saiwa, akwai kuma na bakteriya mai sa yaushi, kuma daga nesa kamanninsu na shiga juna. Tabbaci sai an tono saiwar, wani lokaci ma sai an kai ta ɗakin gwaji an raini ƙwayar a faranti.

Tono kuwa kashe shukar ne. Ka je wa mutumin da ya sayi iri da kuɗin da ya sayar da akuyarsa ka ce ya tumɓuke gindi biyar don ka tabbatar da hotonka. Dole mu biya kuɗin kowane gindin da muka tono. Sinadaran gwaji kuma daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala. Abokin aikin nan ya yi mana gwajin 'yan samfura kaɗan da ragowar kayan wani aikinsa, bai karɓi ko sisi ba. Saboda haka muka kasa hotunan gida uku: waɗanda ɗakin gwaji ya tabbatar, waɗanda aka tono aka ga ruɓa da ido, da waɗanda ganye kawai aka gani aka yi hukunci. Gida na farko shi ne mafi daraja kuma shi ne mafi ƙanƙanta.

Kashin farko na kuɗin ya shigo a ƙarshen Satumba, lokacin da ganye ya fara bushewa don kansa. A watan Oktoba litar fetur ta haura naira 1,000. A cikin watan ne kuma layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala, yankin ya kwana da kwanaki cikin duhu. A wannan duhun muka fara horar da manhajar. Ba mu da GPU, don haka muka dogara da na aro a intanet: Google Colab na kyauta da yakan yanke mutum tsakiyar aiki, da Kaggle mai ba da sa'o'i 30 a mako. Biyan na kuɗi ma da wahala, domin a lokacin bankuna da yawa sun dakatar da amfani da katin naira a ƙasashen waje. Ɗalibar takan kai kwamfutarta shagon cajin waya mai sola, ta zauna a benci tana ɗora hotuna da datar wayarta.

Abin mamaki, ɓangaren da na fi jin tsoro shi ya fi sauƙi. Mun ɗauki MobileNet, ƙaramar ƙwaƙwalwar gane hoto da Google ta fitar a 2017 don wayoyi, wadda aka riga aka horar da hotuna fiye da miliyan ɗaya na rumbun ImageNet, muka ƙara mata darasin citta a kai. Aikin bai ci wasu sa'o'i masu yawa ba. Kwamfutar da na ware wa mafi tsokar kasafi ashe ba a ma buƙatarta.

Sakamakon farko ya fito da kyau ƙwarai, manhajar na cin kusan kowane hoton gwaji. Na yi murna har na fara tsara sunan maƙala. Ɗalibar ce ta ce, "Malam, ni hankalina bai kwanta ba. Kawuna da ya shekara talatin yana noma yakan yi kuskure, yaya za a yi wannan ba ta yi?" Muka koma muka duba yadda muka raba hotunan. Mun gauraya su ne muka ɗebi na gwaji, saboda haka hotunan gona ɗaya, wani lokaci ma gindi ɗaya, suna cikin na darasi suna kuma cikin na jarrabawa. Da muka ware gonaki sukutum muka ɓoye mata su, sakamakon ya faɗi warwas, bai fi canki-canka da yawa ba. Da muka bincika inda take kallo a hoton, sai ga shi tana kallon ciyawar rufi, da launin ƙasa, har da hasken da ya bambanta wayar wannan yaro da ta wancan. Yawancin hotunan masu cuta daga gundumomi biyu suka fito, sai ta haddace gundumomin ta bar cutar.

Wannan ba a kanmu aka fara ba. Rumbun PlantVillage, mai hotuna sama da 54,000 na tsirrai 14, ya ba da daidaito sama da kashi 99 cikin ɗari a wani bincike na 2016, amma masu binciken da kansu suka bayyana cewa da aka gwada da hotunan da aka ɗauka a wani yanayi daban ya sauko wajen kashi 31. Na san wannan, har ina koyar da shi a aji. Amma da wa'adin rahoto ya matso, ga sakamako mai kyau a allo, sai na kusa mantawa. Wani abokin aiki ya ce da ni, da kyakkyawar niyya, "Malam, ka buga na farkon kawai, haka kowa ke raba hotunansa." Ya yi gaskiya cewa da an karɓa. Na tuna dattijon da ya riƙe hannuna. Idan malamin gona ya ɗora waya a kan ganye ta ce lafiya lau alhali saiwa na ruɓewa, ba mujalla ce za ta yi asarar ba. Muka rubuta sakamako na biyu a rahoton, tare da bayanin abin da ya faru da na farko.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi, wanda malamin gonan ya faɗa mana tun ranar farko ban ba shi muhimmanci ba. Cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, kafin ganye ya yi magana, ƙasa ta gama aikinta." Cutar a saiwa take farawa. Ko da manhajarmu ta ƙware, ranar da za ta gane ganyen sau da yawa an makara. Abin da manomi ke buƙatar sani yana gaban shuka: daga ina irin ya fito, an wanke shi da magani ko ba a wanke ba, an noma citta a wannan fili bara, ruwa na kwanciya a wurin ko yana wucewa. Wato tambayar da na rubuta a takardar neman tallafi ita kanta ta zo a makare. Da na zauna da masanin tsirrai da malamin gona na yini ɗaya kafin in cika fom, da na sani.

Damina ta biyu

Izinin juya kasafin ya fito, aka kuma ƙara mana wa'adi ba tare da ƙarin kuɗi ba, ina kuma godiya ga wanda ya karanta bayaninmu ya fahimta. Muka fasa sayen kwamfutar, muka fasa zuwa taro. Kuɗin ya tafi fetur, ladan matasa, diyyar gindin da aka tono, da sinadaran gwaji. A daminar 2025 muka fara tun ranar shuka. Kowace gona tana da takardar tambayoyi da Hausa, wadda matasan ke fassara wa dattawa da harshen gida in da buƙata, ana kuma komawa gonar duk bayan mako biyu, a ɗauki hoto da wayoyi daban-daban, a rubuta ko an yi ruwa. Mun faɗaɗa gundumomi don kada manhajar ta sake haddace ƙasa. A gonakin da ba ta taɓa gani ba ta fi bara nesa, amma ba ta kai matsayin da zan yarda a miƙa ta ga manomi ba. Bayanan tarihin iri da na fili kuwa sun fara nuna alamun da masanin tsirran ya ce sun cancanci a bi su a damina ta uku.

Idan na duba ayyukan da suka yi tasiri a wannan fanni a nahiyarmu, kusan duk daga tattara bayanai suka fara. A Uganda masu bincike na Jami'ar Makerere da masanan aikin gona na ƙasar sun tara hotunan ganyen rogo sama da 21,000 daga gonakin manoma, aka sa su a gasar Kaggle a 2020, masana daga ko'ina a duniya suka yi ta gwada basirarsu a kai. A gida, aikin NaijaSenti na 2022 ya tantance saƙonnin Twitter wajen 30,000 a kowane ɗaya daga cikin harsunan Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin Buroka (Pidgin), da hannun malamai 'yan Arewa a ciki, kuma kuɗinsa daga Lacuna Fund ya fito, asusun da Gidauniyar Rockefeller da Google.org da cibiyar IDRC ta Kanada suka kafa a 2020 musamman don biyan kuɗin haɗa irin waɗannan rumbuna. Dabarun horar da manhaja suna nan kyauta ga kowa, a Amurka ko a Zariya. Hoton ruɓaɓɓiyar Tafin Giwa da ɗakin gwaji ya tabbatar kuwa babu mai shi sai wanda ya je Kachia cikin ruwa.

Jihar nan ba ta rasa mutane ba. A Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962 akwai cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, akwai NAERLS mai kula da ilimin malaman gona, akwai cibiyar kwamfuta mai sunan Farfesa Iya Abubakar. Jami'ar Jihar Kaduna, ta 2004, tana da reshe a Kafanchan, a tsakiyar ƙasar citta. Cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa da ke Umudike a jihar Abiya ita ke da alhakin citta a ƙasa baki ɗaya. Abin da nake roƙon masu raba tallafi shi ne su riƙa tambayar mai nema wane wata bayanansa ke samuwa, su saki kuɗi kafin watan, kuma kada su karɓi takardar gano cutar tsiro da babu sa hannun masanin tsiro a kanta. A buɗe gurbi a fom don ladan masu tattara bayanai, da hanyar shaida da ta dace da ƙauye. Kwamitocin ƙarin girma kuma su ƙirga ingantaccen rumbun bayanai a matsayin aikin ilimi. Ɗalibata ta kwashe shekara biyu tana haɗa namu, amma a ma'aunin da ake amfani da shi yau wanda ya sauko da bayanan Turai ya buga maƙala uku yana gabanta.

Ta kare kundinta a gaban malamai, ta yi bayanin sakamakon da ya faɗi ba tare da ɓoye komai ba, mai jarrabawa na waje ya daɗe yana yi mata tambayoyi a kan yadda ta gano matsalar. Hotunan da takardun suna ajiye wuri uku: ofishina, wajenta, da wajen masanin tsirran. Muna jiran amincewar kwamitin ɗa'ar bincike kafin mu sake su ga jama'a.

Mahaifinta ya shuka kwatar abin da ya saba. Da na je yi masa sallama bayan tono ya kai ni inda ya adana irin baɗi a inuwa, an lulluɓe da ciyawa, ya ɗaga ya ce, "Malam, nan ya kamata ku kawo wayar taku." Mun rubuta sabuwar takardar neman tallafi a kan tantance iri kafin shuka, mu uku muka sa hannu, masanin tsirran ne a gaba, layin farko na kasafin kuma fetur ne da ladan matasa. A shafin farko na rubuta cewa ana buɗe ma'ajiyar iri a watan Maris. Ko amsa ta zo ko ba ta zo ba, na ware kuɗin mota na tafiya biyu, malamin gonan kuma ya ce babur ɗinsa na nan.